Ga sababbin zuwa Devon: ku leƙa kufan Grimspound

'Yan'uwa da karatu ko aiki ya kawo ku Exeter ko Plymouth a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila, na san halin watannin farko: daga ɗaki sai aji, daga aji sai kanti. To ga Dartmoor nan tsakanin garuruwan biyu, tudu ne mai faɗin murabba'in kilomita 954, gandun ƙasa tun 1951, kuma ba mai tambayar ku ko sisi kafin ku shiga. In za ku fara, ku fara da Grimspound.

Kufai ne na mutanen zamanin tagulla, shekara wajen 3,000 ke nan. Katangar dutse ce ta kewaye fili mai faɗin kusan mita 150, a cikinta akwai tushen ɗakuna 24 masu zagaye. Ginin ƙasan na dutse ne, jinkar kuwa ta itace da ciyawa ta daɗe da ruɓewa. Ku tsaya a bakin ɗaya ku duba da kyau: wasu an yi musu 'yar kwana a ƙofa don kada iska ta faɗo kai tsaye. Ran da na fara zuwa, sai da iskar nan ta sa ni hawaye kafin na gane hikimar. Akwai ƙorama da ta ratsa gefen katangar, ruwan mutane da na dabbobi ke nan. A 1894 masu binciken tarihi suka tona wurin, suka samu murhu da gawayi. Wanda ya taɓa ganin garke da bukkoki a kewaye ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai dai fa kada a ɗauki dutse ko ɗaya, ko da na tsaraba ne. Dokar kare kayan tarihi ta 1979 ta hau kan wurin, tono ko ɓata gini laifi ne. Ƙananan dawakin da ke yawo ba na daji ba ne, suna da masu su, kuma an hana ba su abinci. Ƙofar shinge da kuka buɗe, ku rufe ta.

Batun sutura ba wasa. Wurin ya kai tsayin mita 450, rana tana iya haskawa yanzu, kafin ka gama shan shayi hazo ya rufe ko'ina. A sa takalmi mai riƙe idon sawu da rigar ruwa, a bar silifas a gida. Ciyawar da kuka ga ta yi kore shar, sau da yawa laka ce a ƙarƙashi. Waya tana yanke sabis, don haka ku sayi taswirar Ordnance Survey (hukumar zana taswirorin Birtaniya) mai lamba OL28. In an shiga matsala, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto na tsaunuka. Arewacin Dartmoor kuma akwai filayen atisayen soja. Jar tuta na sama, kada a shiga.

A Disamba rana tana faɗuwa ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, azahar da la'asar duk a can za su same ku, saboda haka a tafi da alwala da 'yar darduma. Da kun dawo gida ku duba ƙafafu da bayan gwiwa, musamman da bazara: kaska tana nan a ciyawa, kuma tana iya sa cutar Lyme.