Yadda Ake Shirin Zuwa Kallon Ƙwallon Amurka a Jami'ar Mishigan

Ɗalibanmu sababbin zuwa Ann Arbor, garin da jami'ar take, sun yawaita tambayata me ake sawa ranar wasa. Ga yadda nake yi:

1. Duba hasashen yanayi tun daren Juma'a, domin galibi Asabar ake wasa.

2. Fito da riga rawaya ko shuɗiya mai duhu, launukan makarantar ke nan. 'Yan'uwa mata, hijabi rawaya ya wadatar, yana ma kyau ƙwarai cikin taro.

Hattara: kada ka sa ja. Launin Jami'ar Ohio State ne, babbar abokiyar hamayyar makarantar.

3. Idan Nuwamba ce, sa rigar sanyi daga ciki, ka ƙara safa biyu da hular sanyi. Sanyin filin har ƙashi yake ratsawa.

4. Sa takalmi mai rufi. Ɓangaren ɗalibai a tsaye ake kallo.

5. Bar jaka a ɗaki, ba a shiga da ita.

6. Cika cajin wayarka, tikitin yana ciki.

7. Yi alwala kafin ka fita, wasan yakan wuce awa 3.

8. Isa da wuri. Filin yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, layin ƙofa ba kaɗan ba.

9. Kwarara ihu idan ƙwallo tana hannun abokan hamayya, don kada su ji umarnin juna.

A nan mutanenmu ke kuskure, saboda sabo da ƙwallon ƙafa: idan 'yan wasanmu na shirin fara kai hari, shiru ake yi.

10. Da 'yan wasanmu sun ci maki, rungumi na kusa da kai.