Yadda Ake Ƙalubalantar Takardar Tuhumar Shan Giya a Amurka Idan An Yi Kuskuren Rubutu

Tun bayan dokar tarayya ta 1984, jihohin Amurka suka tsayar da shekara 21 a matsayin shekarun sayen giya. Wanda bai kai ba, ko kurɓa bai yi ba, riƙe kwalbar kaɗai ya isa ɗan sanda ya rubuta masa takarda. Kowace jiha da tsarinta, don haka bari mu ɗauki Pensilbaniya, inda tarar karon farko kan iya kai dala 500.

Da farko, kada ka yi gaggawar biya don ka huta. Biyan tara amsa laifi ne. Kada kuma ka cusa takardar a aljihu ka ce ai sunan ba nawa ba ne. Kwana 10 gare ka ka sanar da kotun majistaren da ke jikin takardar cewa ba ka amsa laifi ba. In ka yi biris, ana iya ba da izinin kama ka.

Sai ka zauna ka karanta ta layi-layi: suna, ranar haihuwa, rana da wurin da aka ce abin ya faru, da sashen dokar, wato 6308. A nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Don an rubuta Abubaker a maimakon Abubakar, alƙali ba zai kori ƙara ba, gyarawa kawai za a yi. Ƙa'ida ta 109 ta shari'ar laifuka a jihar ta gindaya sharaɗi biyu: kuskuren ya tauye maka haƙƙi, kuma ka tayar da maganar kafin a gama shari'a. Kuskure mai nauyi shi ne a ce an rage maka shekara alhali ka cika 21, ko an sa ranar da kake wani gari.

Daga nan ka tara hujja: fasfo, lasisin tuƙi, tikitin jirgi, asali da kwafi. Kada ka kira ɗan sandan ka nuna masa inda ya yi tuntuɓe, ka bari sai gaban alƙali. Ɗalibi mai biza kuwa ya ga lauya tun kafin ranar zama.

In hukunci bai yi maka daɗi ba, kana da kwana 30 ka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun gunduma, inda za a sake sauraron shari'ar daga tushe.