Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Karɓar Amsar Sabar Guntu-Guntu a Manhajar Waya

Idan manhaja ta nemi shafi ko dogon rubutu daga sabar, wato kwamfutar da ke aiko mata bayanai ta intanet, tana iya jira har amsar ta gama sauka, tana kuma iya nuna abin da ya iso yayin da saura ke tafe. Hanya ta biyu ce ta fi dacewa da mai ƙaramar waya da netwok mai ɗaukewa, sai dai masu haɗa manhaja da yawa suna zaton sun bi ta, alhali wani abu a tsakani yana tara amsar gaba ɗaya.

A Android, inda aka fi amfani da OkHttp, kayan aikin da manhaja ke magana da sabar ta hanyarsa, tarawar takan fara ne daga kiran string() a kan jikin amsa, domin wannan umarni yana zuba komai cikin ƙwaƙwalwar waya kafin ya miƙa ko harafi ɗaya. Gyaran shi ne a karanta ta byteStream() ko source(), mai amfani da Retrofit (wani kayan aiki da aka gina a kan OkHttp) kuma ya ɗora alamar @Streaming. Ko bayan an yi haka, HttpLoggingInterceptor, mai rubuta rahoton abin da ke shiga da fita, idan aka bar shi a matakin BODY, zai karance jikin amsar dukansa don ya rubuta shi, shi ya sa ya kamata a sauke shi zuwa HEADERS. Wani lokacin ma laifin ba na wayar ba ne, domin nginx, manhajar da kan tsaya tsakanin sabar da waya, yana zuwa da proxy_buffering, tsarin da ke tara amsa kafin ya tura ta, a kunne, sai an kashe shi ko kuma sabar ta aiko da X-Accel-Buffering: no a kan amsar. A iPhone, inda URLSession ke yin irin aikin OkHttp, umarninsa na bytes(for:), wanda ya zo da iOS 15 a 2021, shi ne ke ba da amsa tana kwararowa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar kowane guntun da ya iso a matsayin cikakken saƙo. Netwok bai san inda kalma ta ƙare ba, yana yanka bayanai ne inda ya ga dama, kuma wannan ya shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. A tsarin UTF-8, wanda ke mayar da haruffa bayit (ƙaramin ma'aunin bayanan kwamfuta), harafin a ko k bayit ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowannensu bayit biyu ne. Na taɓa gwada wata manhajar karatu wadda duk gwajinta da rubutun Turanci ya tafi lafiya, amma da muka sa labarin Hausa sai kalmar "ƙasa" ta fito da baƙaƙen alamomin tambaya a gurbin harafin farko, saboda rabin ƙ ya zo a ƙarshen guntu ɗaya, ɗaya rabin kuma a farkon na gaba, manhajar ta mayar da kowane guntu rubutu shi kaɗai. Abin takaicin shi ne matsalar ba ta bayyana kullum, sai yankan ya faɗa daidai kan harafin. Maganinta shi ne a bar wa kayan aikin karatu guda ɗaya, kamar InputStreamReader ko readUtf8Line() na Okio (wanda ke zuwa tare da OkHttp), ya riƙe ragowar bayit har cikonsa ya iso. Haka dokar take ga bayanan da aka tsara da JSON, da kuma saƙonnin text/event-stream da sabar ke aikowa ɗaya bayan ɗaya, layi maras rubutu na raba su: a ajiye abin da ya iso a gefe, kada a fassara shi sai an ga iyakarsa.

Sai batun lokaci. OkHttp yana katse karatu idan aka yi daƙiƙa 10 babu abin da ya iso, don haka amsar da kan yi shiru a tsakiya za ta yanke ko da haɗin lafiyarsa ƙalau. Wasu sukan cire iyakar ɗungurungum, wanda a ganina sakaci ne, domin manhajar za ta zauna jiran haɗin da ya riga ya mutu. Gara a tsawaita lokacin ga wannan buƙatar kaɗai, sabar kuma ta riƙa aiko da ɗan saƙon shaida cewa tana nan.

Karatu daga netwok a kan babban zare, wato layin aikin manhaja da ke zana allo, kuwa Android ya hana shi tun sigar 3.0, amma har yanzu ana cika wannan zaren da sabunta allo a kan kowane guntu. Allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana da kimanin milisakan 16 ne ga kowane zane, saboda haka a tara guntaye kaɗan a nuna su tare. Kada kuma a gina ma'aunin ci gaba a kan contentLength() kawai, domin yana dawo da -1 idan sabar ba ta faɗi tsawon amsar ba.

Idan mutum ya bar shafin, wajibi ne a kira cancel() a kuma rufe jikin amsar, in ba haka ba saukewa za ta ci gaba a ɓoye tana cin datar da ya saya da kuɗinsa da kuma cajin batirinsa. Idan netwok ne ya ɗauke a tsakiya, a bar masa abin da ya riga ya sauka a kan allo, a gaya masa a fili cewa rubutun bai cika ba, sannan a ba shi maɓallin sake gwadawa.