Babi na 6: Ƙiyasta Kuɗin Kayan Aikin da Ka Ƙera da Kanka Don Inshora

Darasi na 1

Inshora yarjejeniya ce: kana biyan kamfani wani abu duk shekara, in gobara ta tashi ko ɓarawo ya shiga, su biya ka asarar. Abin da ka saya a kanti yana da rasit. Teburin walda ko injin wasa ƙarfe da ka haɗa da hannunka ba shi da rasit, don haka kai za ka faɗi kuɗinsa, kuma a rubuce.

Buɗe littafinka. Ja layi 3 daga sama zuwa ƙasa, shafin ya zama gida 4. Gida na farko, sunan abin. Na biyu, abin da ya ci: ƙarfe, katako, ƙusa, waya, fenti. Na uku, kuɗi. Na huɗu, kwanan wata. Sannu a hankali, ba a gaggawa.

Darasi na 2

Gida na uku ne ke kayar da mutane. Kuɗin yau za ka rubuta, wato abin da za ka kashe in yau za ka sake sayen ƙarfen. Kuɗin shekarar da ka ƙera teburin ya wuce. Je wurin mai sayarwa ka tambayi farashin yau, ka rubuta, ka sa kwanan wata a gida na huɗu.

In an ba ka ƙarfen kyauta, ko a bola ka tsinto shi, duk da haka farashin yau za ka rubuta. Bayan gobara ba kyauta za ka samu ba.

Dalili kuwa, in ka rubuta rabin kuɗin kayanka, kamfanoni da yawa rabin asararka za su biya, ko da abu ɗaya ne ya ƙone.

Jama'a, na faɗa na sake faɗa, amma har yanzu ana kawo mini littafi da tsohon farashi. Wannan sakaci ne, kuma dukiyarku ce. Koma gida na uku. Farashin yaushe ka rubuta? In ba na yau ba ne, goge ka gyara. Za ka iya.

Darasi na 3

Ƙirga awannin da aikin ya ci, ka rubuta ladan da wani maƙeri zai karɓa. Tambayi ma'aikacin inshora ko suna lissafa ladan hannu, da ko za su rage wani abu saboda tsufan kaya.

Darasi na 4

Ɗauki hoton kowane abu gaba da baya.

Darasi na 5

Kada ka bar littafin a shagon. Ajiye shi a wani wuri dabam.