Ciwon Jijiyar Fuska Mai Kamar Jan Lantarki: Magungunansa da Yadda Ake Shan Su

Ciwon yana zuwa ne kwatsam, a gefe ɗaya na fuska, galibi a kunci ko muƙamuƙi, kamar an jona wa mutum wayar wuta. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi zuwa minti biyu ya lafa, sai kuma ya dawo. Abu kaɗan ke tada shi: aswaki, tauna, ruwan alwala, ko iskar hunturu ta bugi kunci. Likitoci na kiransa trigeminal neuralgia, kuma yawanci wata jijiyar jini ce ke danne jijiyar da ke kai saƙon fuska zuwa ƙwaƙwalwa. Saboda ya yi kama da ciwon haƙori, sau da yawa ana cire wa mutum lafiyayyen haƙori, ciwo kuwa yana nan.

Paracetamol, ibuprofen da diclofenac ba sa taɓa shi, haka ma tramadol. Abin da ke aiki shi ne magungunan farfaɗiya, domin su ne ke kwantar da jijiya mai harba saƙo ba gaira ba dalili. Wanda aka rubuta wa su kada ya ɗauka an ce yana da farfaɗiya.

Na farko shi ne carbamazepine, wanda aka fi sani da Tegretol. Likita kan fara da miligiram 100 sau ɗaya ko sau biyu a rana, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk bayan 'yan kwanaki har ciwon ya kwanta. Mutane da dama kan samu sauƙi a kan miligiram 200 sau uku ko huɗu a rana, kuma ba kasafai ake wuce 1,200 ba. Ana sha ne kullum, da ciwo ko babu. Wanda ya jira sai ciwo ya taso sannan ya haɗiya bai yi komai ba. Wanda kuma ya yi gaggawar ƙari zai sha jiri, barci, tangaɗi da gani biyu-biyu. Wani abin da ke ruɗa mutane: bayan mako biyu zuwa huɗu hanta kan saba da maganin, tana narkar da shi da sauri, sai ciwon ya leƙo. Ba jabu ba ne, gyaran adadi yake buƙata.

Kafin a fara, da kuma bayan wasu makonni, a gwada jini: fararen ƙwayoyin jini, lafiyar hanta, da gishirin jini wato sodiyam, domin maganin kan rage shi, musamman ga dattawa. Idan ƙuraje suka feso, ko baki ya yi gyambo, ko zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka zo, a je asibiti a ranar. Akwai nau'in ƙurajen da ke saɓule fata, yana kisa.

A faɗa wa likita duk abin da ake sha. Carbamazepine na raunana ƙwayar tazarar haihuwa da wadda ake sawa a damtse, yana rage ƙarfin warfarin, maganin hana jini daskarewa, da kuma dolutegravir na masu cutar HIV. Erythromycin da clarithromycin kuwa, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, suna sa shi taruwa a jini. Mai ciki ko mai shirin ɗauka lallai ta yi magana tun wuri, don yana iya shafar ƙashin bayan jariri.

Idan jiki ya ƙi shi, sai oxcarbazepine: miligiram 150 sau biyu a rana, a hau a hankali zuwa tsakanin 600 da 1,800. Bai cika faɗa da sauran magunguna ba, amma ya fi zubar da gishirin jini. Bayan su akwai baclofen, daga miligiram 5 sau uku a rana. Lamotrigine, daga miligiram 25, wanda ake ɗagawa cikin makonni saboda haɗarin ƙuraje. Sai gabapentin da pregabalin, da ake rage wa mai ciwon ƙoda. Akan haɗa ɗayansu da na farkon.

Idan ciwon ƙuna ce mai ɗorewa, ba fizga ba, misali bayan ƙurajen nan masu zafi da ke jeruwa a gefe ɗaya na goshi, amitriptyline ya fi dacewa: miligiram 10 da daddare, a ƙara a hankali. Yana busar da baki, yana sa barci.

Ciwon kan ɗauke na watanni. A lokacin ne ake rage magani mataki-mataki tare da likita. Yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga. Mai azumi ya tambayi nau'in da ke narkewa a hankali, wanda ake sha sau biyu, da sahur da buɗa-baki.

A nemi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, musamman idan mutum bai kai shekara 40 ba, ko ciwon ya kama gefe biyu, ko fuska ta daina jin taɓi, ko ji ya ragu, domin ƙari a kai ko wata cutar jijiya na iya zama sanadi. Idan an gwada magani biyu ko uku yadda ya kamata ba a dace ba, a nemi a tura mutum wurin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda ke iya raba jijiyar jinin da ta fuskar ta wata 'yar kafa a bayan kunne.