Kurakuran da ƙungiyoyin NFL suka fi yi wajen tsawaita kwantiragi, da yadda ake gyara su

A watan Maris na 2024 ƙungiyar Denver Broncos ta sallami Russell Wilson, kwatabak ɗinta, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, amma sunansa bai fita daga littafin lissafinta ba. An ci gaba da ƙirga mata dala miliyan 85 a kansa, 53 a waccan shekara, 32 a wadda ta biyo baya, alhali shi tuni ya koma Pittsburgh ya sanya rigar Steelers. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai zai ce ai mai kulob attajiri ne, ya biya ya huta. Masu Broncos kuwa iyalan Walton ne na kamfanin Walmart, kuɗi ba damuwarsu ba ne. Abin da ya ɗaure su shi ne rufin albashi. A gasar NFL ta ƙwallon Amurka, duk ƙungiyoyi 32 iyakarsu ɗaya a abin da za a lissafa musu na albashin 'yan wasa kowace shekara, kuma babu tarar da mai kuɗi zai biya ya tsallake. An fara tsarin a 1994 da dala miliyan 34.6. A 2024 ya kai miliyan 255.4, a 2025 miliyan 279.2. Daga kuɗin shigar gasar ake fitar da shi, inda 'yan wasa ke da kusan kashi 48 cikin ɗari bisa yarjejeniyar 2020 da za ta kai har kakar 2030.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da komai: duk dalar da ta shiga hannun ɗan wasa sai ta bi ta ƙarƙashin rufin nan, ko bana ko baɗi. Ana iya jinkirta ta, ba a iya shafe ta. Yawancin ɓarnar da manajoji ke yi daga mantawa da wannan take fitowa.

Ruɗuwa da adadin da jarida ta buga

Idan aka ce wane ya sa hannu kan shekara huɗu, dala miliyan 160, magoya baya da 'yan jarida kan raba 160 gida huɗu su ce an gama lissafi. Ba haka abin yake ba. A NFL yawancin albashi ba shi da garanti, ƙungiya na iya sallamar mutum ta daina biya. Daniel Jones ya sa hannu kan daidai wannan adadi da New York Giants a Maris na 2023, kuma kafin Nuwamban 2024 ya ƙare sun rabu. Tun a 2009 Washington ta ba Albert Haynesworth shekara bakwai kan miliyan 100, kaka biyu kacal ya yi musu.

Gyaran shi ne a yi wa kowane kwantiragi tambaya uku. Nawa ne garantin da ya tabbata ranar sa hannu? Nawa ne nauyinsa a rufin kowace shekara? A wace shekara ce ƙungiya za ta iya fita ba tare da ta ji jiki ba? Sannan a riƙa auna farashi da kaso, ba da dala ba. Miliyan 45 a shekara da Patrick Mahomes ya samu a 2020 kusan kashi 23 ne na rufin lokacin, wato miliyan 198.2. Miliyan 60 na Dak Prescott a 2024 shi ma bai wuce kashi 23 da rabi ba. Adadin ya yi tsalle, nauyin kusan bai motsa ba.

Mayar da sake fasalin kwantiragi abincin kullum

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimta sosai. Albashin shekara ana lissafa shi gaba ɗaya a shekararsa. Kuɗin sa hannu kuwa ana biyan sa nan take, amma a lissafi ana rarraba shi daidai wa daida a kan shekarun kwantiragin, iyaka shekara biyar. Daga nan dabarar ta fito. A ce ɗan wasa yana da albashin miliyan 21 a bana, da saura shekara uku a kwantiraginsa. Sai manaja ya mayar da miliyan 20 kuɗin sa hannu, ya liƙa wa kwantiragin shekaru biyu na bogi a ƙarshe, waɗanda kowa ya san ba za a buga su ba, don a cika biyar. Yanzu miliyan 4 kawai ake ƙirgawa kowace shekara, bana an sami sararin miliyan 16. Ɗan wasan bai yi asarar komai ba, hasali ma ya karɓi kuɗinsa da wuri. Amma ranar da shekara ukun suka cika ya tafi, ragowar miliyan 8 za su faɗo gaba ɗaya a kan shekara guda. Shi ne ake kira mataccen kuɗi, ana lissafa shi a kan mutumin da ba ya fili.

Dabarar ba haramun ba ce, kuma ba wauta ba ce a kowane hali. Tunda rufin na hawa kusan kowace shekara, dalar da aka tura gaba ta fi ta yau sauƙin ɗauka. Tampa Bay ta yi haka da Tom Brady bayan ta ɗauki kofin Super Bowl, babban kofin gasar, a Fabrairun 2021, ta kuma haɗiye miliyan 35 a 2023 bayan ya yi ritaya. Wannan ciniki ne da kowane mai goyon baya zai amince da shi. Philadelphia a hannun manajanta Howie Roseman ta fi kowa amfani da shekarun bogi, sai dai akasari a kan matasan da suke kan ganiyarsu take yi.

Kuskuren shi ne a yi shi don dole, shekara bayan shekara, a kan tsofaffin 'yan wasa, ƙungiyar kuma ba ta kusa da kofi. Kamar manomin da ke sayar da hatsinsa tun yana gona ne: kaka ta zo, rumbu na wani. New Orleans Saints ta bi wannan hanya a ƙarshen zamanin kwatabak ɗinta Drew Brees, kuma akwai hujja a lokacin, domin suna neman kofi kafin ya tafi. Sai annobar korona ta zo, rufin 2021 ya sauko zuwa miliyan 182.5, suka wayi gari sun haura shi da kusan miliyan 100. A wannan shekarar Trey Hendrickson ya tafi Cincinnati, inda daga baya ya fi kowa a gasar kayar da kwatabak a kakar 2024. Brees ya yi ritaya, amma Saints ba su daina turawa gaba ba, har ta kai sallamar wasu tsofaffin ta fi riƙe su tsada. A nan ne manaja ke rasa 'yancinsa, kwantiragi ya koma shi ke zaɓar masa 'yan wasa.

Mafita: kafin a sake fasalin kwantiragin kowa, a tambayi kai, shin mutumin nan zai kasance a ƙungiyar nan shekara biyu masu zuwa bisa cancanta? In amsar babu tabbas, a bar albashinsa yadda yake, a nemi sarari a wani wurin.

Gaggawa inda ya kamata a jira, jira inda ya kamata a yi sauri

Denver ta karɓo Wilson daga Seattle a Maris na 2022 da sauran shekara biyu a kwantiraginsa. Babu abin da ya tilasta mata. Amma a Satumba, kafin ya buga mata wasan gasa ko ɗaya, ta ƙara masa shekara biyar kan miliyan 245. Kakar farko suka ci wasa 5 suka sha kashi 12. Abin da ya fi ciwo shi ne an sallame shi kafin ko ɗaya daga cikin sababbin shekarun ta fara. Da sun jira kaka ɗaya sun ga yadda zai zauna da koci da tsarin wasa, da ba a kai nan ba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne jan ƙafa a kan wanda ƙungiya ta rena da hannunta, ta kuma san ƙimarsa. Washington ta riƙe Kirk Cousins da tambarin riƙo, wato damar da ƙungiya ke da ita ta riƙe wanda kwantiraginsa ya ƙare ƙarin shekara guda, sau biyu, 2016 da 2017, ta biya shi kusan miliyan 44, sannan ya tafi Minnesota kan miliyan 84 mai cikakken garanti. Tambarin nan yana da amfani idan ana son ƙarin lokacin tattaunawa, amma tsadarsa na hawa: karo na biyu ƙarin kashi 20, na uku ƙarin kashi 44 aƙalla, kuma ba a rarraba shi, duka a shekara ɗaya yake zama. Dallas ma ta yi ta jinkiri da Prescott, ta sa masa tambari a 2020, ta ba shi miliyan 160 a 2021 tare da sharaɗin ba za a sake sa masa tambari ba, ba za a kuma musanya shi ba sai da yardarsa. Da 2024 ta zo, duk igiyar tana hannunsa. Ranar wasan farko na kakar aka sa hannu kan miliyan 240.

Dubi abin da ya faru a 2023 cikin 'yan watanni. Jalen Hurts ya fara sa hannu a Afrilu kan miliyan 255. Lamar Jackson ya biyo da 260, Justin Herbert 262.5, Joe Burrow 275. Kowane wakili yana ɗora nasa a kan na baya. Wanda ya riga shi ya biya mafi araha. Doka ta yarda a tsawaita wa wanda aka ɗauko a zaɓen sababbin 'yan wasa bayan kakarsa ta uku, kuma a ganina wanda ya nuna kansa shekara uku a gidanka, a wuri mai tsada irin na kwatabak, ranar da ƙofar ta buɗe ya kamata a zauna da shi. Baƙon da ba ka gwada ba shi ne ake jira a gani.

Garanti ba tare da ƙofar fita ba

Cleveland Browns ta ba Deshaun Watson miliyan 230 na shekara biyar a 2022, kowace dala da garanti, bayan ta miƙa wa Houston zaɓenta na zagayen farko har na shekara uku. An dakatar da shi wasa 11 a kakar farko, ya ji rauni a kafaɗa a ta biyu, jijiyar agararsa ta tsinke a ta uku. Wasa 19 ya buga cikin 51. Ba a iya sallamar sa, kuma kowane sake fasali da aka yi don a numfasa ya ƙara kumbura shekarun gaba. Ga shi kuma an rasa zaɓukan da za su kawo matasa masu arahar albashi su cike giɓin.

Ina ganin 'yan wasa na da gaskiya da suke neman garanti. Wasa ne da ke cin jiki, kuma karo ɗaya na iya kawo ƙarshen sana'ar mutum. Amma akwai tsaka-tsaki, shi ne garantin da ke tabbata a hankali, inda albashin baɗi ke zama tabbas a watan Maris na bana. Haka aka gina kwantiragin shekara goma na Mahomes a Kansas City. Shi yana da kwanciyar hankali, ƙungiya kuma tana da wurin juyawa.

Wurin da mutum ke bugawa ma abin dubawa ne. Masu gudu da ƙwallo jikinsu ya fi saurin gajiya. Los Angeles Rams ta ƙara wa Todd Gurley shekara huɗu a 2018 da garantin miliyan 45, gwiwa ta dame shi, aka sallame shi a Maris na 2020, shi ma kafin sababbin shekarun su fara. Sai dai kada a mayar da wannan doka marar togiya. Giants ta bar Saquon Barkley ya tafi Philadelphia kan ƙasa da miliyan 13 a shekara, ya yi gudun yadi 2,005 a 2024, Philadelphia ta ɗauki kofi. Gajeren kwantiragi mai matsakaicin garanti shi ya dace da wannan wuri.

Ƙin amincewa an yi kuskure

Manaja ba ya son a ce zaɓinsa ya lalace, sai ya riƙe mutum ƙarin shekara, garanti ya sake tabbata, ramin ya ƙara zurfi. Kuɗin da aka riga aka biya ya tafi, tambayar ita ce nawa za a ƙara. Atlanta ta haɗiye sama da miliyan 40 a 2022 da ta aika Matt Ryan Indianapolis, ta share littafinta cikin shekara guda. Denver da ta yanke shawara ta ɗauko Bo Nix a zaɓen 2024, ta kuma shiga wasannin neman kofi a wannan kakar da mataccen kuɗin a wuyanta. Akwai kuma sassaucin 1 ga Yuni: kowace ƙungiya na iya sallamar mutum biyu tun a Maris a lissafa su kamar bayan wannan rana aka yi, mataccen kuɗin ya rabu shekara biyu. A tuna dai sararin ba ya samuwa sai Yuni ya kama, lokacin da manyan 'yan wasan da ke kasuwa sun riga sun sami gida.

Wani lokacin ma gwarzo ake saki tun yana da daraja. Kansas City ta musanya Tyreek Hill zuwa Miami a 2022 da zaɓuka biyar maimakon ta biya shi miliyan 30 a shekara, ta ɗauki kofi biyu a jere.

Kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne sakaci da shekarun araha. Tun yarjejeniyar 2011 aka ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa. Sam Bradford, na farko a zaɓen 2010, ya sami garantin miliyan 50. Cam Newton, na farko a 2011, miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Ƙungiyar da ta dace da ƙwararren kwatabak a kan wannan albashi tana da shekara uku ko huɗu da za ta kashe rarar a kan sauran wurare, kuma ya kamata ta tsara manyan kwantiragin sauran su ƙare daidai lokacin da nasa zai hau. San Francisco ta sami Brock Purdy a zaɓi na ƙarshe, na 262, a 2022, tana biyan sa wajen miliyan ɗaya a shekara, ta kewaye shi da taurari har ta kai wasan ƙarshe a Fabrairun 2024. A 2025 lokacin biya ya zo, shekara biyar kan miliyan 265. Kafin a sa hannu, Deebo Samuel ya koma Washington, Dre Greenlaw da Talanoa Hufanga sun tafi Denver, Charvarius Ward ya nufi Indianapolis.