Yadda Za a Gabatar wa Manoma Buhun Ajiyar Wake na PICS Har Su Amince da Shi

Manomin da ya ƙi zuba wakensa a buhun da bai taɓa ganin aikinsa ba yana da hujja, domin abin da ke cikin buhun shi ne guminsa na shekara. Don haka malamin gona da ke son a karɓi buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a 2007, sai ya shirya gwajin da jama'a za su gani da idonsu.

A fara da neman izinin mai gari, sannan a zaɓi mutane kaɗan da suka yarda a yi gwajin da wakensu. Lallai a sa mata a ciki, tunda a gidaje da yawa su ke ajiye wake, su ke sayar da shi kaɗan-kaɗan. A yi bayani a bainar jama'a cikin sauƙi: buhun leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku, kuma idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki sukan cinye ɗan iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba magani ba.

Mai waken ne ya kamata ya yi aikin da hannunsa. Ya tabbatar waken ya bushe sarai, ya duba ledojin ko akwai huji, ya matse iska ta fita, sannan ya ɗaure kowace leda daban. A zuba wani waken a buhu na yau da kullum, a ajiye su tare a gidansa, ba a ofis ba, don kada a yi zargin an musanya.

Bayan wata huɗu zuwa shida, lokacin da wake ya fara tsada, a tara mutane a buɗe buhunan biyu a gabansu. Wannan ranar ce, a ganina, ta fi duk wani jawabi amfani, domin gani ya kori ji. A bar kowa ya damƙi waken ya shinshina, a dafa kaɗan a ci.

Kada a ɓoye raunin buhun: ɓera na iya huda shi, shi ya sa ake ɗora shi a kan katako nesa da bango. A kuma tabbatar akwai mai sayar da shi a kasuwar da ke kusa kafin kaka, domin wanda ya gamsu ya nema bai samu ba, maganin ƙwari zai koma saya.